Abraham Linkon a Majalisar Dokokin Jahar Ilinoi, 1834–1842

Littattafan makaranta sun san Abraham Linkon a matsayin shugaban Amurka na 16, wanda ya riƙe ƙasar a lokacin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, ya sa hannu a kan shelar ƴanta bayi ranar 1 ga Janairu 1863, aka kuma harbe shi a watan Afrilu na 1865. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne, kafin shugabancin nan bai taɓa zama gwamna ko minista ba, zamansa a majalisar tarayya kuwa shekara biyu ne kacal. Muƙamin siyasa da ya fi daɗewa a kansa duk tsawon rayuwarsa shi ne kujerar ɗan majalisar dokokin jahar Ilinoi, wadda ya ci sau huɗu a jere, a 1834 da 1836 da 1838 da 1840. A cikin waɗannan shekaru ne ya koyi aikin lauya, ya sami izinin tsayawa gaban kotu, ya kuma haɗa sana'o'in biyu, yana yin doka da hunturu, yana kare masu ƙara da bazara.

Jaha a tsarin Amurka ta bambanta da yankin da gwamnatin tsakiya ke naɗa wa gwamna. Kowace jaha tana da kundin tsarin mulkinta, da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da kotun ƙoli, da majalisar dokoki. A zamanin Linkon majalisar jaha ce ke ba da izinin kafa banki, ita ke yanke inda hanya za ta bi, ita ke cin bashi da sunan jama'a, kuma har zuwa 1913 ita ce ke zaɓen sanatocin da ke wakiltar jahar a Washinton. Saboda haka kujerar da Linkon ya zauna a kai tana da nauyin da ya taɓa aljihun kowane manomi a Ilinoi.

Daga New Salem zuwa Vandalia

An haifi Linkon ranar 12 ga Fabrairu 1809 a jahar Kentaki, cikin gidan manoma marasa hali. Iyalin suka koma Indiyana a 1816, sa'an nan Ilinoi a 1830. Duk karatun da ya yi a gaban malami bai cika shekara ɗaya ba. A 1831 ya bar gidan mahaifinsa ya sauka New Salem, wani ƙauye a bakin kogin Sangamon, inda ya zama yaron kanti. Shekara ɗaya bayan haka, yana da shekara 23, ya tsaya takarar majalisar jaha. Yaƙin Black Hawk ya katse masa yawon neman ƙuri'a, domin ya shiga sojan sa-kai har abokansa suka zaɓe shi kyaftin. Da aka ƙidaya ƙuri'u a watan Agusta na 1832 ya zo na takwas cikin ƴan takara 13, alhali kujeru huɗu ake nema. Amma a rumfar New Salem, inda aka san shi ido da ido, ya sami ƙuri'a 277 cikin 300.

Shekara biyun da suka biyo baya na wahala ne. Kantin da ya buɗe tare da William Berry ya karye, ya bar masa bashin da ya ɗauki shekaru yana biya. Ya riƙe gidan wayar ƙauyen daga 1833, ya kuma koyi awon filaye ya zama mataimakin safiyo na gunduma. Ayyukan nan biyu sun kai shi ƙofar kusan kowane gida a yankin, ya san mutane, su ma suka san shi. A zaɓen 1834 ya zo na biyu a gundumar Sangamon, ya sami kujera. Sai da ya ranci dala 200 a hannun wani maƙwabci mai suna Coleman Smoot kafin ya ɗinka tufafin da zai shiga majalisa da su.

Babban birnin jahar a lokacin shi ne Vandalia, ƙaramin gari mai tituna cike da taɓo. Majalisa ta buɗe zama ranar 1 ga Disamba 1834, ana biyan kowane wakili dala 3 a rana. A wannan zama na farko Linkon bai cika magana ba. Ya gabatar da ƙananan ƙudurori, irin su na ba wani mutum izinin gina gadar da ake biyan kuɗi kafin a haye a kan rafin Salt Creek, ya kuma riƙa rubuta wa abokan zama daftarin ƙudurorinsu, domin hannunsa yana da kyau kuma jimlolinsa ba su da kwana-kwana. Ya bi jam'iyyar Wig ta Henry Clay, wadda ke goyon bayan bankuna, da harajin kare masana'antun gida, da gina hanyoyi da kuɗin gwamnati. A Ilinoi ƴan Wig marasa rinjaye ne, jam'iyyar Demokrat ta shugaba Andrew Jackson ce ke da yawancin kujeru.

Yadda ya zama lauya

Jagoran ƴan Wig a majalisar shi ne John Todd Stuart, lauya daga garin Springfield, wanda ya san Linkon tun a fagen yaƙin Black Hawk. Shi ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya karanci shari'a, ya kuma riƙa ara masa littattafai. A wancan zamani a yammacin Amurka ba dole ba ne mutum ya shiga jami'a kafin ya zama lauya. Yakan karanta manyan littattafan shari'ar Ingila, musamman sharhin William Blackstone, ya kawo shaidar kotu cewa shi mutumin kirki ne, sa'an nan alƙalan kotun ƙoli su ba shi izini. Linkon ya sami takardar izininsa ranar 9 ga Satumba 1836, aka kuma shigar da sunansa cikin rajistar lauyoyi ranar 1 ga Maris 1837. A watan Afrilu na wannan shekara ya koma Springfield a kan dokin aro, ba shi da ko dala 17 ta sayen kayan shimfiɗa, sai da wani ɗan kasuwa mai suna Joshua Speed ya ba shi wurin kwana a saman kantinsa. Nan da nan Stuart ya ɗauke shi abokin aiki.

Haɗa majalisa da kotu abu ne da tsarin lokacin ya sauƙaƙa. Majalisa takan zauna ne watanni biyu ko uku na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu ko Maris, sa'ad da aikin gona ya tsaya. Kotuna kuwa sukan zagaya gundumomi da bazara da kaka, alƙali da lauyoyi suna tafiya tare a kan dawakai daga gari zuwa gari. Lauya yakan ji kukan jama'a a kotu kan iyakar gona, da bashi, da gado, sa'an nan ya kai abin da ya ji majalisa. Mutanen da suka taru kallon shari'a su ne kuma masu jefa ƙuri'a. Da Stuart ya kayar da Stephen Douglas a zaɓen majalisar tarayya na 1838 da ratar ƙuri'a 36, ya tafi Washinton ya bar wa Linkon ofis, saurayin lauyan ya koyi sauran aikin a kan shari'o'in da suka faɗo masa.

Dogaye tara da sabon babban birni

A zaɓen 1836 Linkon ya fi kowane ɗan takara ƙuri'a a Sangamon. Gundumar ta tura wakilai bakwai da sanatoci biyu, dukansu ƴan Wig, dukansu dogaye, har aka yi musu laƙabi da Dogaye Tara. Linkon, mai tsawon mita 1 da santimita 93, shi ne ya fi su tsawo, kuma shi ne ya zama mai tsara musu dabara a zauren wakilai. Babban burinsu shi ne a ɗauke babban birni daga Vandalia a kai shi Springfield. Suna da hujja, domin jama'ar jahar suna ta ƙaruwa ta wajen arewa, Vandalia kuwa tana kudu. Amma garuruwa da dama suna neman wannan daraja. Linkon ya sa aka ƙara sharaɗi cewa duk garin da aka zaɓa sai ya ba da dala 50,000 da fili don ginin majalisa, sharaɗin da ya fitar da ƙananan garuruwa daga takara. Ranar 28 ga Fabrairu 1837 zaurukan biyu suka haɗu suka zaɓi Springfield a zagaye na huɗu, gwamnati kuma ta ƙaura can a 1839.

Kwana ɗaya kafin wannan zaɓe aka tabbatar da dokar da ta zama babban tabo a tarihin wannan majalisa. Dokar ta ba da izinin kashe fiye da dala miliyan 10 don shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa na kusan kilomita 2,000, da yashe koguna, da gyaran hanyoyi, ban da babbar hanyar ruwa da ake haƙawa tsakanin tafkin Mishigan da kogin Ilinoi. Don kada wata gunduma ta yi fushi, aka ware dala 200,000 a raba wa waɗanda dogo ko hanyar ruwa ba za su ratsa ba, aka kuma yarda a fara aiki a wurare da yawa lokaci ɗaya. Linkon ya goyi bayan dokar da zuciya ɗaya, haka ma Douglas da yawancin ƴan Demokrat. An daɗe ana cewa Dogaye Tara sun yi cinikin ƙuri'a ne, suna ba wasu gundumomi dogo su kuma a ba su babban birni. Paul Simon, wanda shi ma ya zauna a majalisar Ilinoi kafin ya zama sanata, ya bi rajistar ƙuri'un a littafin da ya wallafa a 1965, ya ce rajistar ba ta tabbatar da wannan ciniki ba. Wasu masana tarihi sun saɓa masa, suna dogaro da shaidar mutanen zamanin.

Watanni kaɗan bayan haka, a Mayu 1837, bankunan Amurka suka shiga rikici, farashin filaye ya faɗi, masu ba da bashi na Ingila suka janye hannu. Garin neman ƙiba aka samo rama. Jahar da mutanenta ba su kai 480,000 ba a ƙidayar 1840 ta wayi gari da bashin da ya kai wajen dala miliyan 15, ga ramuka da tudun ƙasa da aka bari a daji, dogon da aka kammala kuwa, tsakanin Meredosia da Springfield, bai kai kilomita 100 ba. A 1842 Ilinoi ta kasa biyan ko da kuɗin ruwan bashin, kuma sai da aka yi kusan shekara 40 kafin a gama biya. Linkon bai juya wa shirin baya ba sa'ad da wasu suka fara zamewa. A 1839 ya kawo shawarar jahar ta sayi filayen gwamnatin tarayya da ke cikin iyakarta, kimanin eka miliyan 20, a kan kwata ɗaya na dala kowace eka, ta sayar da riba ta biya bashi. Majalisar jaha ta amince, Washinton ba ta ko saurara ba. Abin da ya tsira daga wannan buri shi ne hanyar ruwan, wadda aka buɗe a 1848, ta kuma taimaka wajen mayar da Shikago babbar kasuwar hatsi da katako.

Rikicin ya shafi Bankin Jahar Ilinoi, wanda Linkon ya kare tun cikin jawabinsa na Janairu 1837. Doka ta ba bankin damar dakatar da biyan zinariya da azurfa ga masu riƙe da takardun kuɗinsa har zuwa ƙarshen zaman majalisa na gaba. A Disamba 1840 ƴan Demokrat suka shirya rufe wani zama na musamman da wuri, don wa'adin ya cika bankin ya shiga uku. Ƴan Wig suka ƙaurace wa zaure don kada adadin da doka ta tanada ya cika, suka bar Linkon da wasu ƙalilan su sa ido. Aka tura dogarin majalisa ya tattaro waɗanda suka ɓuya, aka kulle ƙofa. Da Linkon ya ga adadi ya cika, sai shi da abokansa biyu suka fita ta tagar majami'ar da majalisa ke zama a ciki na wucin gadi, amma an riga an ƙidaya su. Jaridun Demokrat suka yi ta yi masa dariya, bankin kuma ya rushe a 1842.

Takardar 3 ga Maris 1837

Ilinoi ta shiga tarayyar Amurka a 1818 a matsayin jahar da ba a bauta, amma yawancin mazaunanta na farko daga jahohin kudu suka fito, kuma dokokinta sun takura wa baƙar fata: ba su jefa ƙuri'a, ba su ba da shaida a kan farar fata a kotu. Da majalisun jahohin kudu suka aiko da koke a kan ƙungiyoyin masu fafutukar soke bauta, majalisar Ilinoi ta zartar da ƙuduri a Janairu 1837 wanda ya la'anci waɗannan ƙungiyoyi, ya kuma ce tsarin mulki ya tsare haƙƙin mallakar bayi a jahohin da ke da su. Wakilai 77 suka amince, 6 suka ƙi, Linkon yana cikin shidan.

Bai yi bayanin dalilinsa nan take ba. Sai da aka gama maganar babban birni, ranar 3 ga Maris, shi da Dan Stone, wani lauya cikin Dogaye Tara, suka shigar da takardar ƙin amincewa cikin rajistar majalisa. Takardar ta ce bauta ta ginu ne a kan zalunci da muguwar siyasa, amma ta ƙara da cewa yaɗa aƙidar masu neman soke ta yana ƙara illarta maimakon ya rage. Ta ce majalisar tarayya ba ta da ikon taɓa bauta a cikin jahohi, tana da ikon soke ta a yankin babban birnin tarayya, amma kada ta yi sai mazauna yankin sun nema. Rubutun lauya ne, kowace jimla an auna ta da tsarin mulki. Mai karatu na yau zai iya ganin ta da sanyi, kuma jinkirin makonni shida ya nuna ɗan siyasar da ba ya son ya ɓata wa gundumarsa lissafi. Duk da haka mutum biyu ne kawai suka sa mata hannu, a jahar da wata takwas bayan haka, ranar 7 ga Nuwamba 1837, gungun mutane suka kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a garin Alton yana kare injin buga jaridarsa mai adawa da bauta. A jawabin da Linkon ya yi wa wata ƙungiyar matasa ta Springfield ranar 27 ga Janairu 1838, ya yi gargaɗi cewa ɗaukar doka a hannu shi ne babban haɗarin da ke fuskantar jamhuriyar, ya ambaci jefa injinan buga jarida cikin kogi da harbin editoci, amma bai kira sunan Lovejoy ba.

A kotu ma sawunsa ya bi hanya biyu. A 1841 ya tsaya gaban kotun ƙoli ta Ilinoi a shari'ar Bailey da Cromwell, inda magadan wani mutum suke neman a biya su kuɗin wata mata baƙar fata mai suna Nance da aka sayar. Kotu ta yarda da hujjar ɓangaren Linkon cewa a Ilinoi ana ɗaukar kowane mutum ɗa ne sai an kawo shaidar akasin haka, kuma sayar da ɗa haramun ne. Amma a 1847 Linkon ɗin nan ya karɓi aikin kare Robert Matson, wani mai bayi daga Kentaki, wanda ke neman a mayar masa da Jane Bryant da ƴaƴanta huɗu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Linkon ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sai dai kotu ta ƴanta iyalin, daga baya suka ƙaura Laberiya. Masu tarihinsa har yau suna muhawara a kan wannan shari'a, tsakanin masu ganin lauya ne ya bi ƙa'idar sana'arsa da masu ganin ya sa ƙwarewarsa a hidimar abin da shi da kansa ya kira zalunci shekara goma kafin nan.

Bayan majalisa

Sau biyu, a 1838 da 1840, ƴan Wig suka tsayar da Linkon takarar shugabancin zauren wakilai, sau biyu William Ewing na Demokrat yana kayar da shi. A farkon 1841 ya ga masu rinjaye sun ƙara yawan alƙalan kotun ƙoli daga huɗu zuwa tara don su cika ta da mutanensu, har Douglas ya zama alƙali yana da shekara 27, shi kuwa ba abin da ya iya sai sa hannu a takardar koke. Zamansa na ƙarshe ya tashi a farkon Maris 1841, bai kuma sake neman kujerar ba da wa'adinsa ya ƙare a 1842. Ya koma ga aikin lauya, da farko tare da Stephen Logan, wanda ya koya masa shirya shari'a da tsanaki, sa'an nan daga 1844 tare da William Herndon. Takardun da aka tattara sun nuna shi da abokan aikinsa sun taɓa shari'o'i fiye da 5,000. Matashin da ya yi mafarkin dogo a Vandalia ya zama lauyan kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central, ya ci masa shari'ar haraji a kan gundumar McLean a 1856, ya kuma kai kamfanin kotu kafin ya biya shi ladansa na dala 5,000.

Majalisar jahar ta sake shiga rayuwarsa sau biyu. A 1854, bayan dokar Kansas da Nebraska wadda Douglas ya jagoranta ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankuna, aka zaɓi Linkon karo na biyar, amma ya ajiye kujerar domin ya nemi ta sanata. A Fabrairu 1855 ya fi kowa ƙuri'a a zagayen farko, sai dai wasu ƴan majalisa biyar masu adawa da faɗaɗa bauta suka ƙi barin ɗan takararsu Lyman Trumbull. Da Linkon ya ga ci gaba da ja-in-ja zai ba ɓangaren Douglas nasara, ya umarci magoya bayansa su koma wa Trumbull. Wannan Trumbull shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin majalisar dattawa da ya tsara gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a 1865. A Janairu 1859 kuma, bayan muhawarori bakwai da suka yi a bainar jama'a, majalisar ta zaɓi Douglas da ƙuri'a 54, Linkon ya sami 46.

Abin da shekarun Vandalia da Springfield suka bar masa ya bayyana a mulkinsa. Ya koyi lissafin ƙuri'a a zauren da jam'iyyarsa ba ta da rinjaye, ya koyi rubuta doka yadda alƙali ba zai rushe ta ba, ya kuma ga yadda ƙuduri ɗaya da aka zartar cikin zumuɗi ke ɗora wa jama'a bashin shekara 40. Shelar 1863 ta tsaya ne a kan ikon shugaban ƙasa na lokacin yaƙi, ta shafi yankunan da suka yi tawaye kawai, domin har a lokacin yana riƙe da ra'ayinsa na 1837 cewa soke bauta a cikin jahohi gaba ɗaya yana bukatar a gyara tsarin mulki. Alƙali David Davis, wanda suka yi shekaru suna zagayen kotuna tare, shi ne ya tsara masa neman takara a babban taron jam'iyyar Rifablikan a Shikago a 1860. Ginin majalisar da Dogaye Tara suka jawo wa Springfield yana nan, an mayar da shi gidan tarihi. A zauren wakilansa Linkon ya yi zamansa na ƙarshe a 1841, a nan ya karɓi takarar sanata ranar 16 ga Yuni 1858, a nan kuma aka ajiye gawarsa ranakun 3 da 4 ga Mayu 1865 jama'ar Ilinoi suka yi masa ban kwana.